Wane man gauraya mai sauƙin kuɗi ya dace da injin jirgin ruwa?

Habu Mai Jirgi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin jirgin ruwa, musamman kanikawa da waɗanda suka daɗe suna aiki da shi. Injina mai ƙarfin doki 40 ne, irin mai bugu biyu wanda ake gauraya masa mai da fetur a cikin tanki, kuma kusan kullum yana kan ruwa ɗauke da kaya. Tun da na saye shi nake zuba masa man da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi, bisa awon da littafinsa ya faɗa, wato kashi 1 na mai ga kashi 50 na fetur. Man bai taɓa ba ni matsala ba, amma kuɗinsa ya fara cinye ribar aikin.

Ina ganin wasu mayukan masu hoton jirgi a jikin robarsu waɗanda ba su kai nawa tsada ba, akwai kuma man 2T na babur da ya fi su duka araha, har ma na ga masu zuba baƙin man mota suna cewa ai mai duk mai ne. Shin akwai bambanci na gaske tsakanin waɗannan, ko kuwa suna kawai muke saye? Idan zan sauya, me zan duba don kada neman sauƙi ya ja mini bugewar inji?

Malam Sani Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Bambancin yana nan, amma ba a sunan kamfani yake ba, yana cikin irin aikin da aka haɗa man domin ya yi. Abin da za ka fara nema a jikin roba shi ne alamar TC-W3. Wannan mizani ne na NMMA, ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa da injinansu ta Amurka, kuma shi ne mizanin da littattafan yawancin injinan jirgi masu bugu biyu suke nema, ko na Yamaha ne, ko Mercury, ko Suzuki, ko Tohatsu. Kafin a ba mai wannan shaida sai an gwada shi a cikin injina na gaske na tsawon sa'o'i masu yawa, a duba ko zobban fistin sun maƙale, a duba yawan daskararren baƙin da ya bari, da santsinsa, da yadda yake hana tsatsa, da yadda yake narkewa cikin fetur. Kamfanonin inji galibi ba su suke tace mai da kansu ba, kamfanonin mai ne suke haɗa musu bisa ƙa'idar da suka bayar. Saboda haka man wani kamfani dabam da ya ci wannan jarrabawa ya isa ya riƙe inji irin naka.

Game da man babur kuwa, ina roƙonka ka bar shi, kuma ga dalili. Injin babur, da na zarton yankan itace, da na ƙaramin janareta, yawancinsu iska ce take sanyaya su, don haka suna aiki da zafi mai tsanani. Man da aka yi musu, wanda za ka ga an rubuta masa JASO FB ko FC ko FD, ko API TC, yana ɗauke da sinadaran wanke inji masu ƙarfe a ciki, irin su kalsiyam, waɗanda suke jure wannan zafi amma suke barin toka idan sun ƙone. Injin jirgi ruwan da yake tafiya a kai yake zuƙa ya sanyaya kansa, zafinsa bai kai na wancan ba, sannan yakan daɗe a kan gudu ɗaya yana jan nauyi ba tare da an sassauta masa ba. A irin wannan hali tokar ba ta kaɗewa, sai ta taru a bakin filogi da kan fistin. Mafi sauƙin abin da za ta jawo shi ne mutuwar filogi. Mafi muni shi ne tarin tokar ya yi jajir kamar garwashi ya kunna fetur tun kafin filogi ya ba da wuta, abin da kan kai ga huda kan fistin. Shi ya sa ake haɗa man TC-W3 da sinadaran da ba sa barin toka, a kuma ƙara masa maganin tsatsa, tun da injin yana kwana yana tashi cikin danshi. Haka nan ba na ba da shawarar a zuba man jirgi a zarton itace, domin shi ma ba don wannan zafin aka yi shi ba.

Baƙin man mota ya fi na babur illa. An yi shi ne don ya zauna a ƙasan inji yana zagayawa, ba don ya ƙone ba, kuma ba ya haɗuwa da fetur da sauƙi kamar man gauraya da aka riga aka tsinka shi. Injin zai tashi da shi, zai ma yi tafiya, wannan ne yake ruɗin mutane, amma zobba suna can suna cikewa da baƙi a hankali har ƙarfin injin ya ragu.

Abu ɗaya kuma: akwai roba da za ta ce man ya dace da TC-W3, akwai kuma wadda take ɗauke da tambarin NMMA da lambar rajista. Ta biyun ce aka gwada. Ƙungiyar tana wallafa jerin mayukan da ta amince da su a shafinta na intanet, kowa yana iya duba sunan man da yake son saye a can.

Alhaji Isa:

Na yarda da kusan duk abin da Malam Sani ya faɗa, amma ina da ja a wuri ɗaya. TC-W3 mafi ƙarancin abin da ake nema ne, ba ƙololuwa ba. Mayuka biyu suna iya cin jarrabawar, ɗaya ya wuce da kyar, ɗaya ya wuce da rata mai yawa, kuma tambari ɗaya za ka gani a jikinsu. Wanda yake fita da jirgi jefi-jefi ba zai ga bambanci ba, amma injin da yake aiki kullum da cikakken lodi, ko wanda yake shafe sa'o'i yana tafiya a hankali ana jan raga, zai nuna shi a yawan hayaƙi da baƙin da yake taruwa a hanyar fitar hayaƙin. Ban ce dole sai man kamfanin inji ba. Na ce ne a cikin masu shaidar ma a zaɓi na kamfanin mai da aka sani, kada a gangara zuwa wanda ya fi kowane araha don kawai an ga harufan a jikinsa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne jabu. Buga tambari a takarda ba shi da wuya, kuma man da ya fi suna shi aka fi kwaikwaya, don haka mutum yana iya biyan kuɗi mai yawa ya ɗauki abin da bai kai na arahar ba. Kada launi ya ruɗe ka, Malam Habu. Shuɗi ko kore ko ja da kake gani rini ne da ake sakawa domin a gane cewa an gauraya fetur, ba ya nuna inganci ko kaɗan. Ka duba hatimin murfi ko an taɓa karya shi, ka duba lambar rukunin da aka buga a jikin roba ko ta fito sarai, ka saya a wurin dillalin da yake karɓa kai tsaye daga kamfani. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro a zuba maka a kwalba ba ka da hanyar sanin abin da ke cikinsa, komai kirkin mai sayarwar, domin shi ma wataƙila haka aka kawo masa. Idan ka ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, ka tuna araha ba ta ado.

Idan kuma injin yana cikin lokacin garanti, ka karanta sharuɗɗansa tukuna, ka riƙa ajiye rasit.

Hajiya Rabi:

Malam Habu, ni ba bakanikiya ba ce, amma ni nake riƙe da lissafin jiragen gidanmu, kuma ina ganin inda sauƙin yake shi ne a yadda ake saye da yadda ake awo. A awon 50 da 1, kowace lita ta fetur tana cin mililita 20 na mai. Tanki mai lita 25 zai ci rabin lita, lita 100 ta fetur kuma za ta ci lita 2. Idan ka san yawan fetur da kake ƙonawa a wata, ka san man da kake buƙata, sai ka daina sayen ƙananan robobi ɗai-ɗai. Ka raba kuɗin kowace roba da yawan litar da ke cikinta kafin ka kwatanta, domin robobin ba girmansu ɗaya ba, wata lita ɗaya ce cif, wata awon Amurka ce da ba ta cika lita ba. Kusan koyaushe galan mai lita 4 ko jarka mai lita 20 ta fi sauƙi a kan kowace lita, kuma idan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, masu jirgi biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su saya a rufe su raba da hannunsu. A ajiye ta a inuwa, murfi a ɗaure, kada ruwa ko ƙura su shiga.

Ɓarnar da na fi gani ita ce zuba mai da ido. Yaran jirgi suna tsoron kada inji ya ƙone, sai su ƙara a kan awo, man yana tafiya a hayaƙi, filogi yana jiƙewa, kuɗi yana zuba a ruwa. Kofin awo mai layuka ya magance mana wannan. A fara zuba fetur kaɗan a tanki, a zuba man, a girgiza, sannan a cika.

Habu Mai Jirgi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam Sani, sauran tambaya biyu. An ce mini idan na sayi man da ake kira sintetik zan iya komawa kashi 1 ga 100, wanda zai rage mini rabin abin da nake saye. Sannan ƙanena yana da babban inji mai tankin mai dabam, wanda shi da kansa yake gaurayawa. Shi ma zai iya zuba duk man da ke da wannan alama?

Malam Sani Bakanike:

Kada ka koma 100 da 1, Malam Habu. Gaskiya ne akwai ƙananan injina da kamfaninsu ya yarda da wannan awo, amma injin ne yake yanke awon, ba robar mai ba. A inji mai bugu biyu babu wani mai da yake kwance a ƙasa, ɗan abin da ya shigo tare da fetur shi kaɗai ne yake shafa boris da karanshaf da bangon silinda kafin ya ƙone. Idan ka rage shi rabi a injin da aka tsara wa 50 da 1, kuma kana jan kaya da cikakken gudu, abin da ka tara a watanni ba zai sayi fistin da zobba ba, balle ranakun da jirgi zai yi a bakin gaɓa. Littafin shi ne hukunci. Tsofaffin injina na da can ma akwai masu neman 24 da 1, sabon inji ko wanda aka sauya wa zobba kuma yakan nemi ninkin mai, kamar 25 da 1, a sa'o'insa na farko. Sintetik, ko rabin sintetik, amfaninsa shi ne ƙarancin hayaƙi da ƙarancin baƙi. Ga inji mai kabureta irin naka man TC-W3 na yau da kullum ya wadatar, sai dai idan kana yawan tafiya a hankali kamar yadda Alhaji ya ambata, nan rabin sintetik yana iya biyan kuɗinsa.

Na ƙanenka kuwa sai an san irinsa. Idan mai kabureta ne wanda famfo yake tura masa mai daga tankinsa, TC-W3 ya yi, kuma an yi shi da kaurin da zai bi ta famfo da matata ba tare da toshewa ba. Ya dai bari tankin ya yi ƙasa kafin ya zuba sabon iri, kada ya riƙa tara mayuka kala-kala a ciki. Amma idan irin wanda yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne, kamar OptiMax na Mercury, ko HPDI na Yamaha, ko E-TEC na Evinrude, to a nan ba na ba kowa shawarar neman araha. Waɗannan mai kaɗan suke sha, fetur kuma ba ya bi ta ƙasan injin balle ya ɗauki man ya rarraba shi, don haka ana bin abin da littafinsu ya ambata daidai. Wasu injinan E-TEC ma an saita kwamfutarsu ne a kan XD100, wato man kamfanin Evinrude, ta yadda take rage yawan man da take turawa, kuma zuba wani iri ba tare da an sake saitin ba yana barin injin cikin ƙarancin mai. Ko da yake an daina ƙera Evinrude tun 2020, injinan suna nan da yawa a hannun mutane, kuma wanda ya sayi na hannu ya kamata ya sa a duba masa saitin kafin ya sayi mai.

Kai kuma idan ka sauya, ka sa sababbin filogi a ranar, ka yi aikinka yadda ka saba har ka ƙone tanki kaɗan, sannan ka kwance su bayan doguwar tafiya ka duba. Bakin filogi mai launin ƙasa-ƙasa kuma a bushe yana nuna man yana ƙonewa daidai. Idan ka ga baƙi mai danƙo, ka sake duba awonka da saitin kabureta. Idan kuma ka ga farin ɓawo mai kama da toka ya manne a jikinsa, to mai yiwuwa man da ke cikin robar nan ba abin da aka rubuta a bayanta ba ne, ka daina zuba shi ka koma wurin wani dillali.