Wai daga Kingsway atamfofin Hajiya suka fito?

Auta: Salamu alaikum. Jiya da aka buɗe adakar marigayiya Hajiya don rabon gado, mun tarar da atamfofi turmi-turmi ko almakashi bai taɓa su ba, sai ƙamshin kafur. Yaya Babba ta ce duk daga kantin Kingsway aka sayo, wai matan Kaduna na da a manyan kantuna suke sayayya, shi ya sa suka fi mu iya sutura. Ni dai ban gamsu ba.

Yaya Babba: Ke Auta, yaushe aka haife ki? Da idona na ga lokacin. Baba kan ɗauke mu ranar Asabar zuwa Leventis a Ahmadu Bello Way, ga shi har yau da sunan ake kiran shataletalen wurin. Farashi a rubuce, babu taya babu albarka. Kingsway kuwa na kamfanin UAC ne, ba a sayar maka da jabu.

Goggo: To ku saurara, ni ake aike a gidan nan. Hajiya a kulle take, ƙafarta ba ta taɓa taka Kingsway ba. Dillaliya ce ke zuwa daga Tudun Wada bayan azahar da ƙunshinta a ka, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a baje. Hajiya ba ta yi boko ba, amma sai ta juya zane ciki da waje, ta murza gefensa da yatsa, ta ɗaga shi a rana, ta ce wannan 'yar Holan ce, waccan mayar da abarki. Kuɗin ma ba a lokaci ɗaya take biya ba, sai an kwashi adashi ko cinikin ƙuli-ƙuli ya taru. Masu shiga kantunan nan Turawa ne da Kwarori da manyan ma'aikatan gwamnati, sai 'yan tsirarun mata, nas-nas da malaman makaranta.

Yaya Babba: Goggo, ai ban ce ita ke zuwa ba. Baba ke sayo mata.

Goggo: Babanku agogo ya sayo, da turare, da tangaran, da keken ɗinkin nan Singer. Namiji ya zaɓo wa Hajiya atamfa? Ai da an ji mu a unguwa.

Kawu: Kun manta Kakuri, unguwar masaƙu. Na rantse rabin adakar nan 'yar gida ce. An buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, a 1957 zamanin Sardauna, daga baya masaƙun Arewa Textiles da UNTL suka biyo. Mu da muka yi aiki can, in aka tashi canjin aiki keke ba ya samun hanya saboda mutane. Auta, duba bakin zanen, sunan masaƙar na nan a rubuce.

Auta: Na duba, Kawu. Huɗu UNTL ne, uku Super, sauran rubutun ya goge.

Maman Biyu: Ni ɗaya maganar ce ta tsaya mini, wai sun fi mu iya sutura. A yi haƙuri, hotunan suna nan: riga da zani da ɗankwali, ɗinki iri ɗaya daga amarya har uwar ango. Yanzu ki kai wa tela a Kasuwar Barci hoto a waya, kwana uku ya fitar miki da shi.

Goggo: Ki sa sau ɗaya a biki ki jefar, an ce anko. 'Yata, zanen da kika gani a adaka ba ado kawai ba ne, ajiya ce. Shekarar da aka sallami babanku daga aiki, turmi biyu na Super Hajiya ta ba dillaliyar nan ta sayar, da shi aka biya wa Yayarku kuɗin makaranta. Wa zai sayi 'yar Chainar da ta zuba tun wankin farko?

Maman Biyu: Goggo, ba son ranmu ba ne. Ku je Kasuwar Gumi ku tambayi kuɗin Super yau, albashin wata ɗaya na wani ma'aikacin bai saye ta.

Kawu: Nan kam tana da gaskiya. Tun shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 naira ta faɗi, kayan waje suka gagari mai albashi, manyan kantunan suka yi ta rufewa. Masaƙu kuma rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfar Chaina suka gama da su. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Yaran nan abin da suka tarar suke sawa.

Yaya Babba: Duk na ji. Amma akwatin lefenta mai ruwan ƙasa fa? Tambarin Leventis na jikinsa.

Goggo: Akwatin kam daga can ne, ban musa ba. Abin ciki muke magana.

Yaya Babba: To waɗanda rubutunsu ya goge, wa ya san inda suka fito? Auta, kada kowa ya taɓa su sai na zo ranar Lahadi.