Laburaren zare (thread): NPTL ta Linux ko libthr ta FreeBSD, wanne ya fi ɗaukar lodi a saba (server)?

ɗan_Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta wata 'yar saba da C wadda 'yan kasuwa ke tura oda da ita ta waya, duk wanda ya shigo sai in buɗe mashi zarenshi, wato layin aiki nashi shi kaɗai cikin manhajar, da pthread_create. Da mutane ba su da yawa lahiya lau, yanzu ko ranar kasuwa sai ta yi nauyi har ta daina karɓar kowa. Linux nike aiki da shi, RAM giga 1. Wani abokina ya ce in koma FreeBSD wai libthr ta fi NPTL sauri, gaskiya ne ko labarin fada ne?

tsohon_injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka yana ba ka labarin da ya wuce. Zamanin LinuxThreads, tsohon laburaren zare na Linux, ne aka sha wahala, kowane zare da lambar shaidarshi (PID) daban, ga wani zare manaja da sai an bi ta kanshi kafin a buɗe sabo. NPTL ta zo da karnel (zuciyar tsarin) 2.6 a 2003 ta kawar da wannan. Su FreeBSD sun jarraba tsarin M:N da suka kira KSE, wato zare da yawa bisa 'yan kaɗan na karnel, daga baya a 7.0 shekarar 2008 suka maida libthr ta zama ta asali, Solaris ma tun 9 ta bar M:N. Ka ga duka ɗaya-ɗaya suke yanzu, kowane zare da nashi na karnel, in ka yi ƙaura wahala kawai za ka sha, bambancin ba zai kai abin da za ka ji ba.

hajiya_root:
Ni ban ma zargi laburaren ba, rezo nike zargi. Waya in rezo ya ɗauke ba ta sallama, ɓacewa take kawai, zarenka na nan zaune cikin recv, kiran karɓar saƙo, yana jiran wanda ya tafi tun ɗazu, kuma keepalive na Linux, mai duba ko ɗaya ɓangaren na nan, ko ka kunna shi sai bayan awa 2 yake fara tambaya in ba ka rage ba. Haka suke taruwa har ka cika 1024 na ulimit -n, iyakar fayil da soket (haɗin waya da saba) da za ka iya buɗewa, daga nan accept mai karɓar sabon shiga ta fara ƙi. Sa SO_RCVTIMEO, mai iyakance lokacin jiran recv, tukunna ka gani. Kuma kowane zare mega 8 ake ware mashi na stak, wurin ajiyarshi a memori, ba duka yake ci ba amma ka rage da pthread_attr_setstacksize.

ɗan_Zariya:
Hajiya kamar kina cikin injin, na duba yanzu soket sun cika maƙil. To epoll fa, mai sa zare ɗaya ya kula da soket da yawa, in sake rubutawa gaba ɗaya?

hajiya_root:
Ba yau ba. Gyara lokacin jira ka ɗaga ulimit, in masu shiga sun kai dubbai sai ka koma epoll da zare kaɗan daidai yawan kor na CPU ɗinka, kusan yadda sabar yanar gizo ta nginx ke yi. A FreeBSD kqueue ce madadinta.