Don Allah ya kuke tafiyar da reniyo (taro) a ƙungiyarku?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren wata ƙungiyar sa kai ta matasa a Zango, nan Damagaram, aikinmu yashe magudanan ruwa kafin damina. Reniyonmu ne ya ishe ni wallahi. Muna sawa bayan la'asar ran Lahadi, sai mutane su zo dab da magariba a ɗora shayi, kafin a sha na biyu an kira salla kowa ya watse, maganar kotizasiyon, wato karo-karon dala 20 ta sefa, ma ba a taɓo ba. Ga wani yayanmu in ya karɓi magana ba ya saki, ni kuma nauyinsa nake ji, ban iya katse shi. Mun gwada cin tarar makara, wasu suka yi fushi suka daina zuwa. Damina ta kusa, ku taimaka min da dabara.