Kulochin motarmu ya sake ƙonewa: laifin makanike ne ko na mai tuƙi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara, abin nan ya ishe ni. Muna da Golf 3 manuwal, ƙanena ne ke tuƙa ta. Shi ke kai yara makaranta, ya sauke ni wurin aiki, da yamma kuma ya ɗan yi lodin fasinja a cikin gari don a samu na mai. An canza mata kulochi, filet da disk, ga shi ko shekara ba a rufa ba ta koma gidan jiya. In ya taka totur sai injin ya yi ta ihu amma motar ba ta ƙara gudu, musamman in an cika ta ko za a hau gada, wani lokaci har ƙauri ke tasowa. Makanike ya ce sai an sake wani, wai ƙafar yaron ce. Shi kuma ƙanen nawa ya rantse jabun kaya aka sa mana.

Ni dai a gaba nake zama, ga abin da nake gani. A cunkoson Kurna ƙafarsa ta hagu ba ta sauka daga kan kulochi. In danja ta tsayar da mu, motar na cikin giya, yana danne da shi har a ba mu hannu. In aka tsaya a kan gada ba ya taka birki, sai ya riƙa wasa da ƙafafunsa, motar na ɗan gaba tana ɗan baya. Hannunsa na dama kullum a kan giya. In za mu gangara kuma sai ya sa ta a firi, ya ce tattalin mai yake yi. Cikin waɗannan akwai abin da ke cin kulochi, ko kuwa cutar mu ake yi?

Baban Sadiƙ (makanike):
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun kafin in kai ƙarshen bayaninki na san makanikenki bai yi ƙarya ba. Uku daga cikin abubuwan da kika lissafa, kowannensu shi kaɗai ya isa ya cinye kulochi.

Filet ɗin nan faranti ne mai fata irin ta birki, yana matse tsakanin fulayiwil, wato faifan ƙarfen da injin ke juyawa, da disk mai danna shi a jikinsa. In ƙafa ta sauka gaba ɗaya, a manne suke suna juyawa tare, ba abin da ke cin wani. In an danne har ƙasa, sun rabu. Ɓarnar tana tsakiya, lokacin da ƙafa ke rabi da rabi: ba su manne ba, ba su rabu ba, sai gugar juna kamar dutsen niƙa. Daga nan zafi ke tashi, fatar ta ƙone, ƙaurin da kike ji ke nan. Mutum zai ce ai ɗora ƙafar kawai na yi, ban taka ba. Nauyin ƙafar ma ya isa ya sassauta matsin, ya kuma sa rilis beyarin, wato abin da ke raba su in an taka kulochi, yin aikin da ba a sa shi ba.

Mafi muni shi ne na kan gadar nan. Mota cike da mutane tana son komawa baya, shi kuma ya hana ta da kulochi da totur. Duk nauyin a kan fatar filet yake sauka. Minti ɗaya na wannan ya fi doguwar tafiya cin kulochi, domin a kan babbar hanya da wuya ƙafa ta taɓa shi. Birki aka yi don tsayuwa. Tsayuwar danja ma haka: in ta wuce 'yan daƙiƙu, ya mayar da giya firi, ya ɗauke ƙafa, ya taka birki.

Hannu a kan giya bai shafi kulochi ba, giyabos yake ci a hankali, don akwai wani ƙarfe a ciki mai tura giya da nauyin hannun ke danna shi jikin abin da ke juyawa. Ya sa giya ya mayar da hannu sitiyari.

Alhaji Direba:
Hajiya, ni kulochi bai dame ni ba, kuɗi ne, za a saya. Maganar firi a gangara ita ta sa na tsoma baki, tunda kin ce yara yake ɗauka.

Na daɗe ina bin hanyar Jos zuwa Akwanga, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba a saukar sa da birki kaɗai. Mota in tana cikin giya, injin ne ke riƙe ta, birki taimako kawai yake yi. Ka cire giya, ka bar wa birki dukkan nauyin. A doguwar gangara sai ya yi zafi, ka taka ka ji ya yi laushi, motar kuma sai ƙara wuta take. A lokacin ne mutum zai so mayar da giya, hannu na rawa, ita kuma ta ƙi shiga. Iyayen gidanmu sun koya mana cewa giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka.

Akwai ma masu kashe injin ɗungurungum a gangara. Wannan kam ganganci ne da rai. Injin na mutuwa, taku ɗaya ko biyu birki zai yi tauri kamar ba shi ba, sitiyari ya yi nauyi, in kuma makulli ya koma baya sosai sitiyarin na iya kullewa. Ki ja masa kunne, ko da gangarar gada ce a cikin gari. Abin da ƙafa ta saba da shi a gari shi za ta yi a daji.

Abba:
Alhaji, da girmanka, amma ku riƙa duba halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa dabara yake yi. Ni ma ina sa firi in hanya ta miƙe ba kowa, kuma ina ganin allurar injin tana sauka ƙasa. Ta yaya za a ce ba a rage shan mai ba?

Baban Sadiƙ (makanike):
Abba, dabarar nan ta zamanin kafireta ce, irin su tsohuwar Peugeot 504, kuma gadonta kuka yi. Motar da ke da injekta daban take. In tana cikin giya tana gangarawa, ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutar motar kan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi kuwa, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ka ga allurar da ta sauka ba ita ce shaida ba. Ko da a ce akwai ɗan abin da ka rage a miƙaƙƙiyar hanya, bai kai kuɗin fatar birkin da za ka riƙa canzawa ba, balle a zo ga abin da Alhaji ya faɗa.

Tunda maganar tattali ake, ga wata da masu haya ke yi: a tashi da lamba biyu, a yi maza a kai lamba huɗu mota na tafiyar hawainiya, injin na kakkarwa. Tashi da lamba biyu sai an daɗe ana jan kulochi, ga ci. Tafiya a babbar giya ba gudu kuma wahalar da injin ne. In ka ji tana karkarwa, rage giya.

Malam Na Kasuwa:
Duk na yarda, amma kada a wanke makanike tas tun ba a bincika ba. Hajiya, ki tambaye shi abu uku. Da ya canza filet da disk, ya canza rilis beyarin? Saiti ne, tare ake sa su. Sabo ya sa ko Baljiyam? Filet na gwanjo ba wanda ya san irin ƙafar da ta taka shi a can. Na uku, ya duba ko baƙin mai ko man giya na yoyo ta sil yana jiƙa filet? In akwai yoyo, ko wa ke tuƙi sai ya zame.

Ranar da za a sauke giyabos ki tura wani babba ya tsaya. Filet ɗin da kansa zai ba da shaida. In fatar ta cinye har ƙusoshin sun fito, fulayiwil ya yi tabon shuɗi-shuɗi na zafi, ƙafa ce. In fatar na nan da kaurinta amma ta jiƙe da mai tana ƙyalli, yaro ya fita. A kuma duba wayar kulochin, don yawancin Golf 3 na waya ne, in ta ɗaure da yawa ba ta barin sa ya saku duka. Kaya kuma ku je Ƙofar Ruwa da wanda ya san hannu, a ba ku rasit.

Maman Amir:
'Yar'uwa, ni manuwal nake tuƙawa kullum, bari in faɗa miki abin da maza ba su kawo ba. Yawancin masu riƙe mota da kulochi a kan tudu tsoro ne ke sa su. Yana gudun ta koma baya ta bugi na bayansa, ko ta mutu a yi ta danna masa hon ana zagi. In kika ce masa kawai ya daina, ba zai daina ba, sai an ba shi abin da zai maye gurbinsa.

Ku samu wuri mai ɗan tudu da ba mutane, da sassafe. Ya ja birkin hannu, ya sa lamba ɗaya, ya ɗan taka totur, ya riƙa sakin kulochi a hankali har ya ji gaban motar ya ɗan ɗaga, ƙarar injin ta sauya. Nan ne ya kama. Sai ya sauke birkin hannu, ya ƙarasa sakin ƙafa, ya ɗauke ta gaba ɗaya ya ajiye a gefe. Ya maimaita har ya zame masa jiki. Sai dai a fara tabbatarwa birkin hannun na ci, don motocin haya da yawa nasu ado ne.

A cunkoso kuma ya daina bin bayan mota taku-taku. Ya bari ta gabansa ta ɗan ba da rata, sannan ya tafi da lamba ɗaya ƙafa a sake. Na san 'yan adaidaita za su kutsa cikin ratar, ya haƙura da su. Ki duba kujerarsa ma: in ta yi nisa, ƙafa ba ta kai kulochi ƙasa, shi ne za ki ji giya na ƙara ƙurrr in zai sa. Kuma ya bar tuƙi da silifas.

Don Allah kada ki yi masa maganar a gaban yara ko fasinja. Saurayi ne, zai ɗauka raini ne.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙurrr ɗin nan da Maman Amir ta ambata, a ribas yake yi mana kusan kullum. Sannan Baban Sadiƙ, kuɗin gyaran sai ƙarshen wata. Za a iya lallaɓawa da ita haka, ko a ajiye?

Baban Sadiƙ (makanike):
Na ribas mai sauƙi ne. A irin wannan motar ribas ba shi da abin da ke daidaita gudun haƙoran giya kamar sauran, don haka sai mota ta tsaya cak. Ya danne kulochi har ƙasa, ya ɗan jira, ko ya fara sa lamba ɗaya sannan ya dawo ribas. In ya yi haka ƙarar ba ta daina ba, kulochin ne ba ya rabuwa sosai, a duba wayar.

Lallaɓawa kuma, ku fara gwada ta a fili, ba kowa a gabanta. A ja birkin hannu da kyau, a sa lamba huɗu, a saki kulochi a hankali. In injin ya mutu nan take, da sauran rai a jikinsa. In ya ci gaba da aiki ƙafa na sake, ya gama, a ajiye ta, don ci gaba da tafiya zai lalata fulayiwil, kuɗin ya ninku. In da sauran ransa, a tsaya a kan kai yara makaranta da kai ki wurin aiki, a dakatar da lodin yamma, ya kuma nemi hanyar da ba gada har a yi albashi. Ranar gyaran ki sa shi ya je garejin da kansa, a miƙa masa tsohon filet ɗin a hannu ya duba.