Tawada na yaɗuwa a katunan gidan waya

Tambaya: Jama'a, ina buga katuna da haruffan dalma a ƙaramin injin hannu, in aika wa masu musayar zane ta gidan waya. Gefen haruffa na yin dumu-dumu, wasu kuma ba sa fitowa. Ina matsalar?

Amsa: Malam, tawada ta yi yawa. Kamar ƙwayar wake ta isa, a murza ta sosai a farantin tawada na injin. Duba tsayin rola kuma, wato abin da ke shafa wa haruffa tawada: tsayin harafi inci 0.918 ne, in rola ta sauka ƙasa da haka sai ta shafe gefuna. Harafin da bai fito ba, kada ka ƙara matsi, dalma za ta lotse. Liƙa siririyar takarda a shimfiɗar da ke bayan katin, daidai wurinsa.

Amsa: Nemi takardar auduga mai nauyin giram 300 ko fiye a kowane murabba'in mita, girman milimita 105 da 148. Tawadar roba ba ta bushewa a takarda mai sheƙi. Ta mai ma a bar ta ta kwana.

Amsa: Bar gefen dama na baya don adireshi da kan sarki, ƙasan kuma fili, can injin tantance wasiƙu ke buga lambarsa.