Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: gaskiya ce ko kirarin masu gado?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Jiya bayan isha'i musu ya kaure a majalisarmu kan ɗan wani tsohon mai mulki da ake so a tsayar takara. Kawuna ya ce a ba shi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani malamin tarihi ya ce to a duba gidan Churchill na Ingila, a nan karin maganar ta tsaya kuma a nan ta faɗi. Aka watse ba a daidaita ba. Ku me kuka gani?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Malamin ya san abin da yake faɗa. An haifi Winston Churchill a 1874 a fadar Blenheim, gidan kakansa Duke na Marlborough na bakwai. Ubansa, Lord Randolph, ya zama ministan kuɗi a 1886, kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki yana zaton za a lallashe shi. Firaminista Salisbury ya karɓi takardar, shi ke nan, bai ƙara riƙe muƙami ba har ya mutu a 1895 yana da shekara 45. Ɗan ya hau wannan kujera ta kuɗi a 1924, ya kuma yi firaminista sau biyu, 1940 da 1951. Nan kam ɗan barewa ya wuce uwarsa gudu.

Bazazzagiya: Malam, ka tsaya a inda ya yi maka daɗi. Ƙarasa mana. Ɗan Winston ɗin, shi ma Randolph, ya shiga majalisa a 1940 ne don ba wanda ya yi takara da shi a mazaɓar Preston lokacin yaƙin duniya na biyu. Da aka zo zaɓen 1945 ya sha ƙasa, kuma duk takarar da ya yi da abokin karawa faɗuwa ya yi. An san shi da giya da rigima. Wannan ai albasa ce ba ta yi halin ruwa ba.

Ɗan Fagge: Kin ga abin da ya raba mu jiya ke nan.

Maman Ummi: Ku bar ni in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. Ungozoma ce a ƙauyenmu, ita ma a wajen uwarta ta gada. 'Yarta ta cikinta, wato gwaggona, ko kaza aka yanka sai ta kau da kai. Amma akwai 'yar kishiyarta da uwar ta rasu ta bar ta tana shan nono, kaka ta goya ta. Wannan yarinyar ce ke riƙe mata aci-balbal cikin dare, ita ke hura wutar ruwan zafi, ita ke dama kunun kanwa na mai jego. Wata damina rafi ya cika ya tare kaka a hayin kasuwa, naƙuda ta kama matar maƙwabci. Yarinyar nan ta shiga ɗakin ita kaɗai, ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi yadda ta saba gani. Da kaka ta dawo da asuba, matan gida na ta guɗa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gwaggona na tsaye a bakin ƙofa tana ji. Har ta tsufa ba ta son a faɗi karin maganar nan a gabanta, kuma ni ban taɓa ganin laifinta ba.

Malamin Firamare: Allah ya gafarta wa Iya. Hajiya, labarinki ya zo daidai. Shi ma Winston iyayensa ba su zauna da shi sosai ba, mai rainonsa Elizabeth Everest ce ta riƙe shi, ita ya shaƙu da ita.

Sarkin Shayi: To mu a nan barewar ta gudu ne da kuɗin rijiyar burtsatse, ɗan kuma ya zo neman na kwalbati. Gudu dai ake yi, ba mai rarrafe.

Bazazzagiya: Hahaha, Sarki ka ji tsoron Allah! Namu ma fosta kawai ya canza, hular uban ce a kansa.

Baƙon Omdurman: Ni daga Sudan nake, kuma ina so a tuna gudun barewar nan a kan wa aka yi shi. Churchill yana cikin sojan dokin Ingila a yaƙin Omdurman na 1898, inda aka kashe dubban mutanen Khalifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, a wuni guda. Mu nan ba da kirari muke ambaton sunan ba.

Ɗan Fagge: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Amma tambayata tana nan: in faɗa wa Kawu ya yi daidai ko a'a?

Maman Ummi: Ka tambaye shi wa ya goyi yaron tukuna.

Sarkin Shayi: Direba da mai gadi mana. Su za mu tsayar?