Abin da aka tattara daga wata tattaunawa kan ma'anar kalmar Turanci ta "strap"

1. Kusan kowa ya yarda asalinta zirin fata ne ko na ƙyalle da ake ɗaure abu ko rataye shi: maɗaurin agogo, igiyar jaka, na takalmi. 'Yan Amurka sun fi ce wa na agogo "band".
2. "Strap in" na nufin ka ɗaura bel a mota ko jirgi.
3. "Strapped for cash", wato aljihu ya bushe. An ja kunne a nan: "strapped" kaɗai a bakin 'yan Amurka kan nufin mutum na ɗauke da bindiga.
4. An rabu kan "belt". Wasu sun ce duk ɗaya ne da "strap", wasu suka ce shi "belt" na ƙugu ne. Na biyun ya fi kama hankalina.